Sinadarin da na cire daga zaƙami ya ƙi juya haske, ko na ɓata aikin ne?

Dalibar_kemistiri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kemistirin magunguna ku taimaka min, kaina ya ɗau zafi. Ina firojet ɗin ajin ƙarshe ne akan 'ya'yan zaƙami, na jiƙa na tace na tsarkake har na samu wani farin sinadari, da na ɗiga shi a farantin TLC (farantin gwada ko sinadarai iri ɗaya ne) kusa da maganin atirofin na kwalba sai suka tsaya waje ɗaya cif, nayi ta murna. To sai malamina yace in saka a folarimita (na'urar auna yadda sinadari ke juya haske), abin ya nuna kusan sifiri, shi kuma yace wanda ke cikin tsiron hagu yake juya haske, wai in je in yi tunani. Kwana 3 kenan ina tunanin wlh ban gano komai ba. Kuma ni tsakani da Allah meye ruwan magani da dama ko hagu, tunda ƙwayoyin zarra ɗin duk iri ɗaya ne?

Malam_na_Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Baki ɓata ba, kawai kin maimaita abinda ya faru da mutanen farko ne. Abinda zaƙami ke ƙerawa sunansa hayosayamin, kuma na hagu zalla yake yi. Sinadarin yana da tagwaye, kamar tafin hannunki na dama da na hagu, yatsu biyar biyar amma in kika kifa ɗaya akan ɗaya bazasu daidaitu ba. To in kika haɗa masa zafi da soda ko wani alkali mai ƙarfi wajen cirewa, sai rabinsa ya juye ya koma na dama, wannan gaurayen rabi da rabin shine ake kira atirofin. Ɗaya na jan haske hagu ɗaya na jan shi dama, sai su kashe juna, shine sifirin da kika gani. TLC kuwa makaho ne a wannan fannin, bazai taɓa raba miki su ba.
Batun meye ruwan magani, ruwansa ne dumu dumu. Gurbin da maganin ke shiga ya zauna a jiki furotin ne, shima mai hannu ne, gwada zura ƙafar hagu a takalmin dama kiji. Kusan duk ƙarfin atirofin daga na hagun yake fitowa, na daman ɗan rakiya ne, shi yasa hayosayamin tsantsa ya kusa ninka atirofin ƙarfi. Da me kika ɗaga alkalin, kuma awa nawa kika dafa?

Baban_Iman:
Malam ya gama magana, ni dai ƙari zanyi da wanda yafi burgeni. Kwinin da kwinidin, bishiya ɗaya suka fito, ɓawon sinkona na Kudancin Amurka, Faransawa biyu Pelletier da Caventou suka fara ware kwinin a 1820. Lissafin zarra ɗinsu ɗaya, bambancin a kabon na 8 da na 9 ne kawai, amma kwinin aka sanshi da zazzaɓin cizon sauro, kwinidin kuma likitocin zuciya suka riƙe shi don daidaita bugu, duk da shima yana kashe ƙwayar maleriyar. Su ba tagwayen madubi bane sak, shi yasa raba su baya wahala kamar naki. Mofin ma haka, na hagun da tsironsa ke yi shine mai kashe zafin ciwo, wanda aka ƙera na dama a lab baya wannan aikin. Kai ko hancinki ma ya iya wannan karatun, kabon guda ne a sinadarin carvone mai ba da ƙamshin na'ana'a, in ya juya sai ƙamshin ya koma na wani ɗan yaji daban da Turawa ke sawa a burodi.

Hajjaju_famasi:
Ni abinda ke ban haushi da firojet ɗin ɗalibanmu kenan, a jiƙa ganye a ba ɓera a rubuta "yana aiki" shikenan, babu mai tambayar wane hannun ne yayi aikin. Ga angurya nan a ƙofar gida, sinadarin gosifol ɗin cikinta kala biyu ne kuma na hagun yafi dafi, masu kiwon kaji ya shafe su kai tsaye. Kiyi godiya da malamin da ya tsare ki.
Sannan don Allah ki kula, zaƙami ba abin wasa bane, ba banza ake ce masa haukata yaro ba. Safar hannu, kuma kar ki kuskura ki shafa ido. Ki duba ma ko akwai hayosin (wani sinadari ɗan'uwan hayosayamin) a ciki, nau'in da ke wajenmu yana da shi sosai.

Dalibar_kemistiri:
Innalillahi, Malam soda na zuba, kuma na barshi akan wuta kusan yini guda don inaga zaifi fita 😭 Yanzu ya zanyi, ina da sauran garin 'ya'yan kamar rabin kwalba.

Malam_na_Samaru:
Ya isa. Ki jiƙa a sanyi, ki ɗaga da ruwan amoniya kaɗan kaɗan, ki kwashe da sauri kar ya kwana a ciki, wajen busarwa ma kar ki matsa wuta. Na farkon kar ki zubar, ki auna su biyun a folarimita rana ɗaya ki sa duka a rahoton, ki kai wa malaminki ki gani.