Wai canza man giya ne yake kashe giyabos?

Mai Corolla: Salam 'yan uwa. Corolla ce gare ni 2006 otomatik, kwana biyun nan in na sa D da safe sai ta ɗan yi jim kafin ta kama. Na kai gareji yaron ya ce kar in kuskura in juye man giya, wai ƙari kawai ake yi, duk wanda ya canza nasa to giyabos ya tafi. Don Allah haka ne?

Direban Zariya: Wlh gaskiya ya gaya maka. Ni ganau ne ba jiyau ba, Camry ɗina lafiya lau take aiki na biye wa wani muka juye man, ko sati biyu ba a yi ba ta fara zamewa, kana taka totur injin na ihu mota ba ta gaba, ƙarshe sai kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano na je na sayo wani giyabos na Beljiyam.

Oga Bakanike: Alhaji tsakani da Allah, ranar da aka juye wane kala man ya fito?

Direban Zariya: Baƙi ƙirin, yana ƙauri.

Oga Bakanike: To ka gani. Giyar nan ta riga ta gama aiki tun kafin a taɓa ta. Faifan kulochin ciki sun cinye, garinsu ne ke yawo a man yana sa su ɗan riƙe, da sabon mai ya shiga babu garin sai ciwon ya fito fili. Mai Corolla, kafin komai duba man da kanka. Ka zaga da motar ta yi zafi, ka tsaya a wurin da ba gangare, kar ka kashe injin, taka birki ka bi da giya P, R, N, D har ƙasa ka dawo P, sai ka zaro gejin man giya ka goge da farin tsumma ka mayar har ƙarshe ka sake zarowa. Ya tsaya tsakanin alamomin HOT. In ja ne garau Alhamdulillah, in ya koma kamar shayi da madara to ruwan lagireto ne ya shiga, ranar nan a ajiye motar.

Hajiya Mai Accord: Oga a yi wa masu Honda bayani fa kar su bi wannan. Tawa kashe injin ake yi, a duba tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90, haka yake a littafinta.

Oga Bakanike: Haka ne Hajiya, kin yi gyara.

Direban Zariya: Duk na ji, amma ƙarin ai ba ya cutarwa, me ya sa sai an juye?

Oga Bakanike: Yana cutarwa mana. Man giya ba raguwa yake da kansa kamar man inji ba, in ya ragu to yoyo yake ta wani wuri, kana ƙarawa yana bin ƙasa. In kuma ya wuce alama kumfa yake yi giya ta riƙa fizga. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne a sayo kowane jan mai a tuttula, alhali Corolla irin wannan man giya mai lamba T-IV take sha, Honda nata daban, masu giyar CVT, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, nasu daban. Kuma in ka kwance notin juye man kusan lita 3 ne ke fita cikin kusan 7, sauran yana ciki, shi ya sa nake juyewa a hankali sau biyu ko uku, ban yarda a sa na'ura a wanke tsohuwar giya da ƙarfi ba.

Mai Corolla: Yanzu na duba. Ya yi ruwan ƙasa amma ba ƙauri, yana ƙasa da alama, kuma na ga ɗigon ja a siminti inda take kwana.

Direban Zariya: Ni dai in tawa ce ƙari zan yi in ƙyale ta.

Oga Bakanike: A fara toshe yoyon nan tukuna, a duba gasket ɗin ƙasa, wato abin da ke tare mai a bakin kaskon giya, da tiyon da ke zuwa lagireto. Man da bai yi ƙauri ba ni juyewa nake yi, ka sayo lita 4 na T-IV a rufe, a buɗe a gabanka.