Wai da gaske babu siminti a ginin Girkawan dā?

Mai Karo (Tawa)

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata sa karo, shekarata goma sha bakwai a cikinta nan Tawa. Makon jiya wani Alhaji ya ba ni aikin matakalar bene da marbir, fari mai jijiya ruwan toka, wanda ya sayo daga Yamai. Ranar Talata wuta ta ɗauke tun hantsi, mashin ya tsaya, ni da yarana biyu muka wuni zaune ba mu yanka ko falle ɗaya ba. Da dare ɗiyata da ke koleji ta nuna mani hoton wani gini na ƙasar Girka a littafinta, wai Fartenon. Ta ce malaminsu ya ce da irin wannan dutsen aka gina shi, kuma babu siminti ko cokali. Na kwana ina juya abin. Da me suka yanka shi, tunda ba wuta ba mashin? Kuma me ya riƙe ginshiƙan nan har yau? Masu ilimi ku taimaka mani.

Malamin Tarihi (Yamai)

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗiyarka ta riƙe darasinta. An fara Fartenon a birnin Atina a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kammala a 432. Dutsen daga tsaunin Fentelikon yake, kilomita kusan 16 daga birnin, a amalanke aka riƙa jawo shi. Ginshiƙan waje 46 ne, kowane ya ɗan haura mita 10, kuma ba sanda guda ba ce: gunduwa-gunduwa ne masu siffar ganga, aka ɗora wata kan wata. Sukan goge fuskokin da za su haɗu har su yi sumul, a tsakiya su sa turken itace don kada gunduwa ta kauce lokacin ɗorawa. Daga nan nauyi ne ke yin sauran aikin.

A bango kuwa, sai su sassaƙa gurbi a duwatsu biyu maƙwabta, su kwantar da ƙarfe ya kama su, su narka dalma su zuba a kai. Dalmar nan ita ce sirrin, don tana hana ruwa isa ga ƙarfen. Da aka zo gyaran ginin a farkon ƙarni na 20, masu gyaran sun sa ƙarfe ba tare da wannan kariya ba. Ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsage dutsen da ya shekara fiye da dubu biyu lafiya lau. Wannan abin yana yi mani ciwo duk lokacin da na karantar da shi. Yanzu da ƙarfen titaniyom suke gyara.

Rushewar da ka gani a hoton ma ba tsufa ba ne. A 1687 Turkawa sun ajiye albarushi a ciki, sojojin birnin Benis na Italiya suka harbo igwa, tsakiyar ginin ta tarwatse.

Tsohon Ɗan Libiya

Maigida, ni magini ne, na yi shekara shida a Libiya. Wata Juma'a muka je kangon birnin Rumawa da ke kusa da Khums, Labda, wanda Turawa ke kira Leptis Magna. Garin da aka haifi sarkinsu Septimiyus Seberus ke nan, wanda ya hau mulki a shekara ta 193 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Na taɓa bangayen da hannuna. Abin da na lura, a wurare da yawa bangon dutse ne na gari, sai ƴan ramuka jere a jikinsa. Mai yi mana jagora ya ce nan ne ƙusoshin da suka riƙe fallayen marbir suke, fallayen sun zube ko an kwashe. Ka ga ke nan Rumawa aikinka suke yi: a tada gini da abin da ya samu, a lulluɓe shi da falle.

Malamin Tarihi (Yamai)

Haka ne, Alhaji, ka taɓo inda Rumawa suka bambanta da Girkawa. Su suna da kwaɓi mai ƙarfi na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, da shi da jan bulo suke tada manyan gine-gine. An ruwaito cewa sarki Ogustus ya yi alfaharin ya tarar da Rum birnin bulo ya bar ta birnin marbir, amma bulon na nan a ƙarƙashi. Ba wai ba su iya na gunduwa ba: ginshiƙin sarki Tarajan da ke Rum, na shekara ta 113, da manyan gunduwoyin marbir na garin Karara a Italiya aka yi shi, aka rarake cikinsa aka fitar da matakala 185.

Na manta ban amsa maganar yanka ba, ita ce kuma za ta fi yi maka daɗi. A mahaƙa da diga suke tona rami kewaye da dutsen, su buga turakun ƙarfe a gindi har ya ɓalle. Falle kuwa da zarto marar haƙori ake fitar da shi. A zuba yashi da ruwa a kan layin, mutum biyu su riƙa ja da turawa. Wani marubucin Rumawa, Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya bayyana cewa ido na ganin kamar ƙarfe ke yanka, alhali yashi ne. Ya ma ce yashin da aka fi yabo daga Itofiya ake kawo shi, wato ƙasashen kudu da Masar a wurinsu. Rawayan marbir ɗin da suke ji da shi ma daga Shemtu ta Tunisiya yake.

Ƴar Malbaza

Baba Mai Karo, ina wuni. Ni ɗaliba ce, ilimin duwatsu nake karanta. Ina son a kiyaye abu ɗaya, don na ga wasu suna rubuta marmara a madadin marbir. Marmarar da muka sani a nan jar tsakuwa ce da ake zuba wa hanya, ba su haɗa komai ba. Marbir asalinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a garinmu don yin siminti, sai zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa suka sāke shi ya zama mai ƙyalli. Yana da taushi idan aka gwada shi da ƙwayar yashi, shi ya sa yashi ke cin sa. Ka gargaɗi mutanen gidan Alhajin kada su wanke matakalar da ruwan asid na wanke karo, ko lemun tsami yana dusashe shi. A Rum ma, bayan daular ta faɗi, an yi ta ƙona gumaka da fallaye a tanderu don a samu farar ƙasa.

Mai Karo (Tawa)

Allah ya saka da alheri, Malam, da kai Alhaji, da ke ɗiyata. Maganar yashin nan ta hana ni zama. Da la'asar na ɗauko guntun da ya saura, da tsohon bakin zarto na goge haƙoransa, na sa yaro ya kawo yashi mai kaifi ya tankaɗe. Daga la'asar zuwa kiran magariba muna ja muna ɗiga ruwa, ya shiga kamar kaurin farce biyu, layin kuma santsi, babu ɓalli ko ɗaya a gefe kamar yadda mashin ke yi mani. Gobe zan gwada da yashi mai laushi in ga bambanci. Malam, ƙusoshin da suka riƙe fallayen Labda ɗin nan, na tagulla ne ko na baƙin ƙarfe? Akwai bangon falo da Alhajin da ya ba ni aikin ke son a lulluɓe bayan matakalar.