Enzyme da Hausa: ina ganin "mahanzarci" ya fi dacewa

'Yan'uwa masu rubuta kimiyya da Hausa, ina son mu tsayar da magana kan kalmar enzyme. Yawancinmu mun saba cewa "sinadarin narkar da abinci". Na daɗe ban gamsu da wannan ba, kuma abin da ke faruwa a bakin kowannenmu ya isa hujja.

Akwai bakteriya mai suna Streptococcus mutans, wadda J. Kilian Clarke ya fara bayyana ta a 1924, kuma tana kan gaba wajen ruɓar da haƙori. Makaminta wani enzyme ne da ake kira glucosyltransferase, Gtf a taƙaice. Idan sukari ya shiga baki, sai Gtf ya raba shi gida biyu, ya ɗauki ɓangaren da ake kira gulukos ya dinga jera shi har ya zama wani danƙo mai manne wa haƙori. A cikin danƙon nan ƙwayoyin ke fakewa suna fitar da asid, kuma da ma'aunin pH, wanda ke raguwa idan asid ya ƙaru, ya sauka ƙasa da kusan 5.5, ɓawon haƙori ya fara zaizayewa ke nan. To ina narkar da abinci a nan? Gini yake yi. Ɗalibin da aka koya wa "mai narkarwa" zai rikice tun a shafin farko.

"Sinadari" kawai kuma ya yi faɗi, har gishiri sinadari ne.

Asalin kalmar ma ba zai fisshe mu ba. Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta daga Girkanci, ma'anarta "cikin yisti". Tarihi ne mai kyau, amma bai faɗi aikin abin ba.

Aikinsa ɗaya ne ko'ina: ya sa sauyin da zai ɗauki dogon lokaci ya auku nan take, shi kuwa ya fita lafiya ƙalau ya kama na gaba. Hanzartawa ke nan. Yadda rubuta ta ba mu marubuci, karanta ta ba mu makaranci, haka hanzarta za ta ba mu mahanzarci, jam'insa mahanzarta. Ba mu tilasta wa harshen komai ba, kuma ko yaro ya ji zai hasaso abin da ake nufi.

Sai wata kalmar kuma, ta aikin raba enzyme ɗin da sauran tarkace a ɗakin gwaji. Na ga ana rubuta "tsarkakewa", amma kunnen Bahaushe najasa da tsarki yake jiyowa. "Tacewa" kuma mataki ɗaya ce kawai, alhali aikin da tsawo. Ana renon ƙwayoyin a ruwa, a juya su a na'ura mai tsananin gudu su kwanta a ƙasa, a zuba gishirin amoniyam salfet furotin, har da enzyme ɗin, ya dunƙule, sannan a bi da shi ta bututun da ke riƙe wani ya saki wani. Abin da ke burge ni, ɗaya daga cikin abubuwan da ake cika bututun da su shi ne hydroxyapatite, ma'adinin da aka gina ɓawon haƙori da shi. A kowane mataki ana auna ƙarfin aikinsa a kan yawan furotin da ya rage. Abin da ake nema a ƙarshe tsantsa ne, don haka na fi son "fitar da tsantsar mahanzarci". Idan an same shi tsantsa, an fi iya gwada abin da zai dakatar da shi.

Abu ɗaya ya rage da nake son malamanmu na kimiyyar sinadarai su duba. Akwai masu hanzartawa da ba daga halitta mai rai suka fito ba, kamar ƙarfen filatinam da ke cikin salansar mota. Shawarata a kira wannan mahanzarcin ƙarfe, na jikin mai rai kuma mahanzarcin halitta, idan zancen ya fito fili a ce mahanzarci kawai.