Kayan soja a gwanjon gidan mamaci, wa ya taɓa cin karo da su?

Baban Ilham (Amurka): Salam jama'a. Nan inda muke in tsoho ya rasu magada ba sa zama rabon tarkace, kamfani suke kira ya liƙa farashi a jikin komai tun daga cokali har gadon kwana, a buɗe gida kwana biyu ko uku kowa ya shiga ya zaɓa, ranar ƙarshe galibi a karya kuɗi rabi. Ni kayan kafinta ke kai ni amma yanzu kayan soja sun fara jana. Asabar ɗin nan na ga banatin Japan da kubenta, da wata farar tuta mai jan da'ira duk an cike ta da rubutun hannu, da ɗaurin wasiƙun mamacin. Banatin har layi aka yi a kanta, wasiƙun kuwa suna cikin kwali an rubuta dala 5 ba mai kallonsu. Wanda ya taɓa ganin irin haka, a waje ko a gida wajen rabon gado, ya ba mu labari.

Maman Sadik (Ingila): Wannan tutar ba ado ba ce Baban Ilham, dangi da maƙwabta ne ke sa hannu a kai su ba ɗansu in zai tafi yaƙi, da yawa a jikin gawa aka cire su. Akwai ƙungiyar Obon Society a jihar Oregon da ke karɓa ta nemo dangin a Japan ta mayar musu. Ni dai ba zan iya rataya ta a falo ba wlh.

Jikan Ɗan Bama (Zariya): Hmm kun taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Kakanmu ya je ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan a 1944, alamarsu baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, muna yara in ya fito da ita sai mu ce Gizo ya je yaƙi shi kuma ya yi ta dariya. Yakan ce abincinsu daga jirgin sama ake jefo musu, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka cikin daji don ba hanyar mota, shi ya sa ma 'yan runduna ta 82 tasu alamar gammo ce da mashi biyu a gicciye. Yana da akwatin ƙarfe, ciki akwai lambobin yabonsa da addar da ya dawo da ita da bel da hotonsa da kaki. Da ya rasu aka zo rabo malamin ya lissafa gida da gona da tumaki, akwatin ba wanda ya san kuɗin da za a yi masa, aka tura shi zaure, bayan arba'in wani baffanmu ya haɗa shi da tsoffin kwanuka ya ba ɗan gwangwan a kilo. A kilo fa jama'a! Littafin sallamarsa ne kawai ya tsira don yana cikin adudun kakarmu. Kuma kullum sai na wuce barikin Chindit nan Zariya, sunan ma daga wancan yaƙin ya samo asali, haka Dalet na Kaduna.

Maman Sadik (Ingila): Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa abin da ya fi daraja shi ne ya rage a hannunku. Lambobin yaƙin duniya na biyu da aka raba wa sojan Birtaniya ba a buga suna a jikinsu ba, ba kamar na yaƙin farko ba da za ka ga suna da lambar soja. Tauraron Bama, lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙi a can, shi kaɗai a kasuwar nan ba shi da tsada don an yi su da yawa, amma in ya zo da takarda mai suna da bataliya, musamman na sojan Afirka da ba a cika samu ba, nan dillalai ke buɗe ido.

Na Kurmi (Kano): Ni a harkar na tashi. Takobin gado na gaske da wuya ya fito kasuwa, gidajen sarauta suna hawan sallah da su, haka sulke da kwalkwali. Yawancin wanda za a ce maka "na yaƙin Shehu ne" maƙeri ne ya yi shi bara aka bar shi ya yi tsatsa. Ka duba ruwan takobin, tsofaffi da yawa daga Turai aka kawo su ta Sahara, irin na Solingen ta Jamus, a nan ake yi musu ƙota da kube. Tambarin maƙeran Turai ma ana kwaikwaya. Ka fara zuwa Gidan Makama ka ga na ainihi kafin ka ciro kuɗinka.

Tsohon Kofur (Kaduna): A kula dai. Da muka buɗe jakar mahaifinmu ta yaƙin Biyafara harsasai muka tarar a cikin safa, tun 1970 suke nan. Ba mu yi wata-wata ba muka kira 'yan sanda suka kwashe. Gurneti ko ya shekara hamsin yana iya tashi, kar yaro ya taɓa.

Baban Ilham (Amurka): Gaskiya ne Baba Kofur. A dokar tarayya ta nan bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ce ake ɗauka kayan tarihi, ta yaƙin duniya bindiga ce kamar kowace. Kuma kar wani ya sa ko banati a jaka ya nufo Najeriya bai tambayi kwastan ba.

Malam Auwalu (Maraɗi): Game da rabo, mu da aka zo kan takobin kakanmu kuɗi aka yi masa, babban yayanmu ya ɗauka aka cire a kasonsa, matan ma aka ba su haƙƙinsu, ba wanda ya yi ƙorafi. Jikan Ɗan Bama ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan ka tura wa 'yan'uwa, kuma kar ka yarda a manne shi da leda mai zafi irin ta satifiket, tana lalata tsohuwar takarda.

Jikan Ɗan Bama (Zariya): To Malam na gode. Maman Sadik in na turo miki lambar sojansa da bataliyar za ki iya duba mana ko akwai inda ake samun fayil ɗinsu a can?