Neman kalmar Hausa: me za mu kira "autocomplétion"?

Ƴan'uwa masu rubuta manhaja a nan Damagaram, musamman ɗaliban Jami'ar André Salifou, ina so mu tsayar da magana a kan wannan kalma ta "autocomplétion", wato yadda manhaja ke nuna maka sauran kalmar da ka fara rubutawa, domin waɗanda aka kawo zuwa yanzu ba su kama aikin yadda yake ba.

An kawo "cikon kalma", an kuma kawo "ƙarasawa da kai". Damuwata da su ita ce dukansu suna nuna kamar kwamfuta ce ke yanke hukunci, alhali mai rubutu ne ke da ta cewa. A VS Code, ɗaya daga cikin manhajojin da muke rubuta manhaja da su, idan ka rubuta pri cikin fayil ɗin yaren manhaja na Python, wani ɗan jeri zai sauko ƙarƙashin rubutunka ɗauke da print, amma ba abin da zai shiga fayil sai ka danna Tab ko Enter, kuma da ka danna Esc jerin zai ɓace. Takwaransa Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ya fi kamun kai, don ba ya kawo komai sai ka danna Ctrl da N. Daga nan Ctrl da Y su karɓa, Ctrl da E su maido maka da abin da ka rubuta.

Wannan a Hausa tayi ne, kamar yadda mai saye ke taya kaya a kasuwar Dole, mai kaya ya sallama ko ya ce albarka. Saboda haka nake ba da shawarar "tayin ƙarashe". Abin da ya ƙara sa ta kwanta mini shi ne tana juyuwa a baki ba tare da wahala ba: manhaja ta yi mini tayi, na karɓi tayin, na kashe tayi saboda yana katse mini tunani.

Tsarin da ke faɗin wane maɓalli ke yin wane aiki kuwa, "rabon maɓallai" ya wadatar, tunda ana iya sake shi. Mu a Nijar ma sake shi kan zama dole, domin allon maɓallai samfurin AZERTY ya fi yawa a hannunmu, inda baka mai kusurwa, wato alamar [ ko ], ba ta fitowa sai da maɓallin AltGr, ga shi kuma Vim ya ɗora wasu ayyuka a kan Ctrl haɗe da ita.

Malamanmu na harshe, idan "ƙarashe" bai zauna daidai a wannan gurbi ba, ku gyara mana kafin kalmar ta bazu.