Shawarwarin masu tallan kamasho na Katsina a taƙaice

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga shawarwarin masu tallata kayan wasu a shafinsu na intanet, su samu kamasho idan mai karatu ya latsa ya saya:

1. Kusan kowa ya yarda a tsara shafi don waya tukuna. A rage nauyin hotuna, domin mai karatu a Ƙofar Ƙaura ba zai ƙona datarsa yana jira ba.
2. Farashi da wurin latsawa su fito fili. A kuma sanar cewa akwai kamasho, wannan amana ce.
3. An tunatar cewa Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, awa 24 yake bayarwa bayan latsawa, wato sai mai saye ya zaɓi kayan cikin wannan lokaci kafin a samu kamasho.
4. Kan hutu ne aka rabu. Wasu na ajiye waya bayan Isha'i saboda iyali, wasu suka ce da dare ciniki yake. Ni dai ina tare da na farko, yara na buƙatarmu.