A zare ABS ko a gyara? Muhawarar masu tsofaffin motoci a Damagaram

Direba, hanyar Tanut: Salamu alaikum. Ni dai a ganina, fitilar ABS (na'urar da ke hana ƙafafun mota kafewa in an taka birki) in ta kama a tsohuwar mota, a zare fizibil ɗinta a huta. Cikin rairayi ABS ƙara wa mota nisan tsayawa take yi. Ƙafa in ta kafe, ƙasa take tarawa gabanta, mota ta tsaya da wuri.

Bakanike, Sabon Gari: Malam, zancen rairayi ka yi gaskiya, amma bisa kwalta fa? Ƙafa ta kafe, sitiyari ba ya jin magana. Wasu motocin ma ABS ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Ka kashe ta, baya ya riga kamawa, mota ta wulwula. Gara a sake bulok ɗin, wato akwatin ABS mai famfo, baki ɗaya.

Mai lantarkin mota, Zango: Maigida, a gafarce ni, bulok shi ne ƙarshen abin zargi. A fara da batir: bolt 12.6 mota a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Ƙarancin wuta kaɗai na kunna fitilar. Tsohuwar Toyota kuma ita ke faɗin ciwonta: haɗa ramukan Tc da E1 na soket ɗin binciken mota da 'yar waya, buɗe makulli, ƙidaya ƙyaftawar fitila. Lambar da ta bayar ita ce ciwon: 31 kafta (mai auna gudun juyawar ƙafa) ta ƙafar gaba ta dama, 32 ta hagu, 33 da 34 na baya, 41 wuta, 51 famfo. Kafta mai maganaɗisu, ciro ta ka gani: bakinta kan cika da garin ƙarfe da ƙura. Goge, ka auna. Galibi om (ma'aunin turjiyar wuta) 800 zuwa 2000 ne. Duba zoben haƙoran da kaftar ke karantawa ko ya tsage, girgiza ƙafar ko rulma ta saki, bi wayar inda take lanƙwasa. Amma sababbin kafta masu cin wuta ba a auna su da om, suna iya lalacewa.

Direba: To wadda birki ke kakkarwa ƙarƙashin ƙafa ana daf da tsayawa, fitila ba ta kama ba?

Mai lantarki: Kafta ɗaya ce saƙonta ya raunana, kwamfutar ta zaci tayar ta kafe. Datti ne, ko tsatsa ta ɗaga ta daga mazauninta.

Bakanike: Na yarda a bi ta nan, ƙanena. Sai dai in jar fitilar birki ta kama tare da rawayar ta ABS, kada motar ta hau hanya sai an duba man birki da inda yake zuba.